Rawar Bori da Maguzanci a Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a littattafan Turawa game da rawar nan ta matan Masar da maƙwabtanta, wadda a ke karkaɗa ƙugu da ciki, ƙafafu kuwa ba su cika barin wuri guda ba. Cewa a ke yi wai rawar ɓurɓushi ce ta wata tsohuwar bauta da mata ke yi wa gumakan haihuwa tun kafin zuwan addinan littafi, bautar ta mutu ta bar rawar a baya. Irin wannan magana ita ce kuma a ke yi a kan bori a ƙasar Hausa. In aka tambayi ɗalibi mene ne bori, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce, addinin Hausawa ne kafin Musulunci, rawarsa kuwa ita ce ibadar Maguzawa. Amsar ta yi kama da gaskiya, har ba a cika tsayawa a bincike ta ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna wannan amsa da abin da aka sani game da Maguzawan ƙasar Kano, musamman na karkarar da ke arewa da birni, da kuma yadda a ke yin rawar ita kanta. Bori yana da jijiya a cikin Maguzanci, wannan babu ja. Amma rawar da aka sani, mai garaya da goge da tufafi da kirari, ba ita ce ginshiƙin addinin Bamaguje ba, kuma yawancin iskokin da ke hawa a cikinta ba su da mazauni sai a ƙasar da ta riga ta san sarki da malami da fatake. Hukuncin bori a wurin malaman Musulunci sananne ne tun kafin zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ba kuma shi a ke neman sake dubawa a nan ba.

Rawar ƙugu ta Masar

Ya kamata a fara da rawar Masar ɗin, domin kuskuren da aka yi a kanta ya fi fitowa fili. Masu rawar ba su kiranta rawar ciki. A Larabci sunanta raƙs baladi, watau rawar 'yan ƙasa, wadda mata ke yi a tsakaninsu ran biki ko suna, ko kuwa raƙs sharƙi, rawar gabas, wadda a ke yi a kan dandamali domin 'yan kallo. Faransawa ne suka laƙaba mata sunan rawar ciki a ƙarni na 19, sunan kuma ya bazu bayan an kai masu rawar baje kolin duniya na Paris a 1889 da na Shikago a 1893. Edward Lane, wanda ya zauna a Alƙahira ya kuma buga littafinsa kan al'adun Misirawa a 1836, ya yi bayanin Gawazi, matan da rawa ce sana'arsu, suna yi a titi da gidajen biki a ba su kuɗi. Muhammadu Ali Basha ya hana su rawa a fili a Alƙahira a 1834. Siffar da aka saba gani a finafinai kuwa ta ƙarni na 20 ce: a gidan rawar da Badi'a Masabni ta buɗe a Alƙahira a 1926 aka gyara ta, daga hannunta ne kuma Tahiyya Kariyoka da Samiya Jamal suka fito.

A duk tsawon wannan tarihi ba a ga gunki ba, ba a ga yanka ba. Maganar bautar ta samo asali ne daga wani ra'ayi da Edward Tylor ya yaɗa a 1871, cewa duk al'adar da ba a gane dalilinta ba ɓurɓushi ce ta wani tsohon mataki na rayuwar ɗan Adam. Curt Sachs ya bi wannan hanya a tarihin rawa da ya buga a 1933, inda ya ɗauki rawar ƙugu a matsayin sihirin neman haihuwa. Daga 1970 zuwa sama kuma, matan Amurka da suka rungumi rawar suka ƙara mata labarin wata babbar gunkiya uwa, domin labarin ya dace da abin da su ke nema a lokacin. Gaskiya ne akwai zanen mata masu rawa a kaburburan Fir'aunoni, amma zane ba ya nuna motsi, kuma babu wata silsila da ta haɗa waɗancan da Gawazi. Rawar da ke da alaƙa da aljannu a Masar daban ta ke, sunanta zar, za a kuma dawo kanta a gaba.

Ƙasar da mutanenta

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore da J. Wilson sun yi nazarinta a 1965, Polly Hill kuma ta buga nata nazarin a 1977. Daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa wajen Bichi da Ɗambatta, gona manne ta ke da gona, ba a barin ƙasa ta huta, sai dai a ciyar da ita da takin dabbobi da wanda a ke ɗaukowa daga birni, a da can a kan jakuna. Itatuwan da suka rage su ne waɗanda manomi ya bari da gangan a cikin gonarsa: gawo da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka.

Wannan yanayi ya shafi batun da a ke magana a kai ta fuska biyu. Ta farko, daji ya ƙare, alhali kuwa a tunanin Bahaushe daji shi ne gidan iskoki. Saboda haka sai mazauninsu ya tattaru a 'yan wuraren da garma ba ta taɓawa, watau gindin tsamiya da kogon kuka da suri da tsohuwar rijiya da kududdufi da juji. Shi ya sa har yanzu a ke hana yaro zama a gindin tsamiya da tsakar rana ko gab da magariba. Ta biyu kuma, rayuwar Bamaguje tana bukatar fili: babban gida mai 'ya'ya da jikoki, gandu mai faɗi, da rarar dawa ta yin giya. Yayin da ƙasa ta matse, sai aka fi samun Maguzawa a gefe, a ƙasashen Bichi da Ɓagwai da Tsanyawa da Gwarzo da Ƙaraye, a gidaje warwatse nesa da masallacin Juma'a da kasuwa. A tsakiyar cunkoson kuwa, waɗanda ke taruwa a yi wasan bori mutane ne da suka daɗe suna amsa sunan Musulmi.

Sunan Maguzawa kansa a cikin Musulunci aka haife shi. Masana da yawa sun tafi a kan cewa daga kalmar Larabci majusu ya fito, watau mutanen da shari'a ta yarda a bar su da addininsu su biya jiziya. A Katsina da Gobir da Maraɗi an fi cewa arna ko azna ko anna. Bayanin da a ke yi a zaure cewa sun guje wa salla ne aka kira su haka, hikimar baki ce kawai.

Abin da Bamaguje ya ke kira tsafi

Nazari mafi muhimmanci a kan addinin Maguzawan Kano shi ne na Joseph Greenberg, wanda ya zauna da su a 1938 zuwa 1939, ya buga littafinsa The Influence of Islam on a Sudanese Religion a 1946. Abin da ya tarar shi ne, Bamaguje ya yarda akwai Allah, shi ya halicci kome, amma yana ganin ya yi nisa da al'amuran yau da gobe. Waɗanda ke kusa, masu ba da amfanin gona da haihuwa, masu kuma kawo ciwo in an saɓa musu, su ne iskoki. Kowace zuriya tana da iskokin da ta gada ta wajen uba, da abin da aka hana ta ci ko kashewa, wannan shi ne kan gida. Sunayen da suka fi fitowa su ne Kure da Doguwa da Uwar Gona da Gajimare, wanda a ke dangantawa da bakan gizo da maciji da ruwan sama.

Hanyar saduwa da waɗannan iskoki ita ce yanka. Maigida ne ke yi a madadin iyalinsa, gabanin shuka da bayan girbi, ko in za a aurar da ɗa, ko in ciwo ya shigo gida. Kowane iska yana da irin dabbar da ya ke so da launinta, akuya ko tunkiya ko kaza, baƙa ko ja ko fara. A zuba jinin a wurin tsafi, gindin itace ko kan dutse ko jigon da aka kafa a tsakar gida, domin jini shi ne rabon iska, nama kuwa mutane su ci, a sha giya. Ba a bukatar makaɗi, ba kuma a bukatar iska ya hau kowa. Mai yankan ya sami matsayinsa ta hanyar gado da girma, ba don wani ciwo ya taɓa kama shi ba.

Ko abin da Tarihin Kano ya kawo game da Barbushe ya fi kama da wannan. Ya ce akwai itacen Tsumburbura da aka kewaye da gini, ba mai shiga sai Barbushe. Mutane su zo daga ko'ina da baƙaƙen dabbobi a yanka, ya shiga, ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekara, su yi ta kewaya wurin har gari ya waye. Marubucin bai ambaci hawan iska ba. Dole ne dai a yi hattara da wannan labari, domin Musulmi ne ya tsara littafin a ƙarshen ƙarni na 19, ɗaruruwan shekaru bayan abin da ya ke ba da labarinsa, H. R. Palmer kuma ya fassara shi a 1908. Duk da haka hoton da ya bari na matsafi guda ne da yanka da duba, ba na taron masu rawa da iskoki a kansu ba.

Ba a ce Maguzawa ba su san bori ba. Sun san shi, suna kuma yi. Amma Murray Last, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Malumfashi, ya nuna a 1991 cewa borin da ya gani a gidajensu sha'anin magani ne na cikin gida, galibi a hannun mata, ba shi da shagali irin na birni. Watau a wurin Bamaguje tsafi ne gaba, bori yana biye, a nemi a san wane iska ne ya kawo ciwo da abin da ya ke so. Inda aka daina yankan gida saboda an musulunta, sai bori ya zauna shi kaɗai, ya yi girma, ya sami sarakuna da makaɗa da fage.

Yadda a ke rawar

Bayani mafi cika a kan wasan bori a ƙasar Kano shi ne na Fremont Besmer a littafinsa Horses, Musicians and Gods na 1983. Kafin shi A. V. King ya rubuta kirarin iskoki na Katsina a 1966, shi da David Ames kuma suka tattara kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Ba a shiga bori don sha'awa. Ciwo ne ke kai mutum, irin wanda ya ƙi jin magani: shanyewar hannu ko ƙafa, ɓari a kai a kai, mutuwar 'ya'ya, ko taɓuwar hankali. In 'yan bori suka ce iska ne, sai a yi wa majinyaci girka, a keɓe shi kwana bakwai ana ba shi magani na sha da wanka da turare, a rufe da daren da a ke kira kwanan zaune, inda a ke kaɗa taken iskoki ɗaya bayan ɗaya a ga waɗanda za su bayyana a kansa. Manufar girka ba korar iska ba ce. Sulhu a ke nema, a san shi, a san abin da ya ke so, a zauna da shi har mutuwa. A nan ne babban bambanci ya ke tsakanin ɗan bori da malamin ruƙiyya, wanda shi fitar da aljani ya ke nema.

Daga nan namiji ya zama doki, mace ta zama goɗiya, iska kuwa shi ne mahayi. Kalmomin duka na barga ne: iska ya hau, iska ya sauka. Kayan da aka keɓe wa kowane iska, riga ko rawani ko sanda ko tasbaha, su a ke kira tsere. Makaɗan maza suna amfani da garaya mai tsirkiya biyu, wadda asalinta ta mafarauta ce, tare da masu kaɗa buta, ko kuwa goge. Mata a cikin gida ƙwarya su ke kifawa su kaɗa da 'yan sanduna. Kowane iska yana da takensa da kirarinsa, makaɗi kuma dole ya san su duka, ya san wanda ke gaba da wani, domin kiran ƙarami kafin babba laifi ne.

Wasan ya kan fara a hankali. Dawaki suna zaune gaban makaɗa, kiɗa yana ƙara sauri, har jiki ya fara rawa, gumi ya karyo, ido ya juye, mutum ya faɗi. Mataimaka su riƙe shi, su ɗaura masa ɗamara, su sa masa kayan iskan da ya zo. Abin da ke biyo baya shi ne a ke kira rawar bori, amma mai kallo da ya zo neman rawa irin ta dandali zai sha mamaki, domin da yawa daga cikin iskokin ba su taka rawa ko kaɗan. Malam Alhaji tsoho ne, ya kan zauna a duƙe yana tari, yana jan tasbaha, yana kwaikwayon karatu, mutane su zo su durƙusa ya yi musu addu'a. Kuturu ya kan ja jiki a ƙasa, yatsu a dunƙule, yana korar ƙuda, yana magana ta hanci, ga shi kuwa babba ne da a ke tsoronsa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da turare da caca, ya zauna a kan shimfiɗa ana yi masa fifita, duk abin da aka ba shi ya miƙa wa makaɗa da maroƙa. Inna Bafilatana ce mai nono da kaɗi, ita a ke dangantawa da shanyewar gaɓoɓi, daga sunanta ne kuma aka sami shan inna, sunan da ma'aikatan lafiya suka yi ta amfani da shi a yaƙin rigakafin cutar. Danko maciji ne, yana birgima yana jan ciki. Sarkin Rafi kuwa mahaukaci ne mai ƙarfi, a wurin irinsa a ke ganin jifa, watau doki ya yi tsalle sama ya faɗo da mazaunai, ƙafafu a miƙe, ya tashi ya sake. Wanda ya taɓa ganin jifa ba ya bukatar a fassara masa karin maganar nan da ke cewa ba a bori da sanyin jiki.

In iska ya gama, ya yi magana da masu neman taimako, ya faɗi abin da ya ke so a yanka masa, sai doki ya yi atishawa, alamar mahayi ya sauka. Mutumin ya dawo hayyacinsa a gajiye, ya ce bai san abin da ya faru ba. Wannan shi ne abin da ya raba rawar bori da rawar Masar tun daga tushe. Mai rawar ƙugu gwanintarta ta ke nunawa, ita a ke yaba wa, ita a ke yi wa liƙi. A bori kuwa, a ganin masu yi, mai jikin ba ya nan, kirari na mahayi ne. Manazarta wasan kwaikwayo sun daɗe suna kai bori cikin fagensu saboda tufafi da kwaikwayon hali, kuma suna da hujja. Sai dai ɗan wasa ya san wasa ya ke yi, doki kuwa ba zai yarda da wannan suna ba.

Mutanen Jangare

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa rawar ba ɓurɓushin zamanin Barbushe ba ce tana cikin jerin iskokin kansu. 'Yan bori sun ce iskoki suna da birni, sunansa Jangare. A yadda aka tsara wa Besmer shi, gidaje goma sha biyu ne, kowane da shugabansa, da aure da riƙo da zumunta a tsakaninsu. Sarkin birnin shi ne Sarkin Aljan Sulemanu, sunan da ba a bukatar a faɗi inda aka samo shi. Akwai gidan malamai, da na kutare, da na Filani, da na Gwari. Akwai wanzami da makaɗi da mayaƙa. Arna kuwa, masu shan giya, gida guda ne a cikin gidajen, da sarkinsu, kamar dai yadda Maguzawa su ke a ƙarƙashin Sarkin Kano. Greenberg ya tarar ana raba iskoki gida biyu, farare waɗanda Musulmi ne mazauna gari, da baƙaƙe waɗanda arna ne mazauna daji. Rabon da ya ɗauki Musulunci ma'auni ba zai girmi Musulunci ba.

Jangare, a taƙaice, masarautar Hausa ce da fadarta da unguwanninta da baƙinta. Ba manomin da ke yanka wa Uwar Gona ne ya tsara ta ba, mutanen da suka san fada ne. Tarihi ma ya goyi bayan haka. A Gobir kafin jihadi, Inna, wadda 'yar gidan sarauta ce, ita ce shugabar 'yan bori, sarautar kuma ta ci gaba a Tsibiri, kamar yadda ta Iya ta ci gaba a Maraɗi, wurin Haɓen da suka ƙi bin Sakkwato. Bori a can abin fada ne, a ƙarƙashin sarakunan da ke salla.

Ƙofar Jangare kuma ba ta taɓa rufuwa ba. A wajen 1925 wasu sababbin iskoki suka bayyana a ƙasar Filinge ta Nijar, waɗanda a ke kira Hauka ko Babule, suna fareti, suna sara wa juna, suna amsa sunan gwamna da kwamanda. Su ne Jean Rouch ya ɗauka a fim a Ankara ta ƙasar Gana a 1954. Iskokin Turawa da na soja sun shiga borin ƙasar Hausa su ma. Kowane iko da ya ratsa ƙasar, da kowane baƙo da aka yi mamakinsa, ya bar wakili a fagen. Mai neman tsohon addini zalla a cikin wannan taro zai sami Kure da Doguwa da Gajimare, amma zai same su a tsakanin malami da ɗan sarki da soja.

I. M. Lewis ya yi ƙoƙarin bayyana irin wannan al'ada a 1971 da cewa makamin raunana ce, musamman mata, su sami abin da ba su iya nema da bakinsu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta buga a 1954 zai ga yadda bori ya ke ratsa rayuwar matan aure. Amma ra'ayin bai isa ya bayyana Innar Gobir ba, wadda ba ta cikin raunana ta kowace fuska.

Amada da zar

In ana neman takwarar rawar ƙugu ta Masar a ƙasar Hausa, amada ce ta fi kusa. Mata ne ke kaɗa ƙore a cikin gida ran biki ko suna, mata ne ke rawa, ana juya ƙugu da mazaunai, ana waƙar kishiya da haihuwa da sana'a, maza ba su shiga. Uwaliya Mai Amada a Kano da Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, su suka fi shahara da ita. Kiɗan ƙwarya ɗaya ne da wanda mata ke kiran iskoki da shi, wannan ne ma ya sa wasu ke yi wa amada kallon bori. Amma kayan kiɗa ɗaya ba ya sa manufa ta zama ɗaya. Matar da ta tashi ta taka a gidan suna tana cikin hayyacinta, ta san wanda ke kallonta, ta san kuma wadda ta ke yi wa habaici.

Takwarar bori kuwa ita ce zar, wadda a ke yi a Habasha da Sudan da Masar. Can ma ciwo ne ke kai mace, can ma sulhu a ke yi da aljani ba kora ba, kowane aljani da kiɗansa da tufafinsa. Janice Boddy ta nuna a 1989 cewa aljannun zar na arewacin Sudan baƙi ne: Habashawa da Turawa da waliyyai da mutanen Afirka ta Yamma. Ɗaya daga cikin rassan zar a Sudan sunansa zar bori, a ƙasar da Hausawa suka daɗe suna ratsawa a hanyar hajji, inda kuma waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno. A arewa kuma, A. J. N. Tremearne ya tarar da bori a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus, ya buga The Ban of the Bori a 1914. A cikin stambali na Tunisiya, al'adar jikokin bayin da aka 'yanta a 1846, an ci gaba da kiran Kure da Mai Gizo da sunayensu, tare da waliyyan ƙasar. Duk inda borin ya je, a cikin Musulmi ya zauna.

Daga jihadi zuwa Sumbuka

Shehu Usmanu ya yi suka mai tsanani a kan masu yanka wa itatuwa da duwatsu alhali suna da'awar Musulunci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gane cewa hani kaɗai ba zai raba mata da bori ba, tun da ciwo ne ke kai su. Saboda haka ta tsara littafi a 1839 kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, ta kuma kafa 'yan taru, inda jajis ke zagaya ƙauyuka suna koyar da mata. Jean Boyd ta lura cewa malfa da jan rawanin da a ke naɗa wa jaji irin alamar Innar Gobir ce, an karɓe ta an juya mata ma'ana.

Su kuwa Maguzawa, adadin masu tsafi a cikinsu ya ragu ƙwarai a ƙarni na 20. Wasu sun musulunta ta hanyar kasuwanci da aure, wasu a rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello kafin 1966, wasu kuma sun zama Kirista. Matsafar gida ta yi ta mutuwa tare da tsofaffin da ke kula da ita, amma bori bai bi ta ba. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a 2000 da kafa Hukumar Hisba a 2003, wasan fili ya yi wuya, abin da ya rage ya koma bayan danga. A harshe kuwa yana nan daram: borin kunya, ɗan iska, bugun iska, shan inna.

A ƙarshen 1995 wani abu ya faru a wasu makarantun sakandare na 'yan mata a Kano, wanda Susan O'Brien da Conerly Casey suka yi rubutu a kansa. Ɗalibai da dama suka riƙa faɗuwa suna ihu, wasu gaɓoɓinsu suka sandare, aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuka. Ba a kira mai garaya ba, malaman ruƙiyya aka kira, suka yi ta karatu don su fitar da ita. 'Yan matan ba 'ya'yan Maguzawa ba ne, ba a taɓa yi musu girka ba, ba su san taken Sarkin Rafi ba. Waɗanda suka ga abin sun ce in ya motsa musu rawa su ke yi, rawar kuwa irin ta finafinan Indiya ce.